Shekarar da Aka Wanke Mini Lambu

Tun da nake ban taɓa ganin mai littafi da biro ya tsaya a bakin gonata ya tafi ya bar ni da alheri ba. Wasu sun zo sun rubuta sunana, sun ce taki na nan tafe. Wasu sun ɗauke ni hoto riƙe da fartanya. Wasu kuma igiyar awo suka ja daga gindin darbejiya zuwa bakin hanya, ba a rufa wata biyu ba sai ga gonar maƙwabcina an yanka ta fuloti-fuloti. Don haka ranar da mai unguwa ya zo mini da wata mata sanye da dogon takalmin roba, ya ce malama ce daga jami'a, tana son ta duba ƙasar lambuna, ban yi musu sannu da zuwa ba. Cewa na yi, "Me ta yar a ciki?"

Lambun yana kan hanyar Danchuwa, gadona ne daga mahaifina. Ba wani girma gare shi ba, in ka yi tari a wannan gefe na wancan gefen zai ce maka sannu. Kashi biyu ne. Akwai gefen rijiya, baƙar ƙasa mai laushi, wadda tsohon ya ƙare ƙarfinsa yana zuba mata kashin shanu. Da ita na ci da iyalina tun da na bar makaranta a aji biyu na sakandare. Sai kuma gefen da muke kira gindin rumfa, wanda ko ƙaya ba ta fitowa.

Asalin gindin rumfa, wani abokin mahaifina ne mai sayar wa masu shanu maganin kaska, yana kuma sayar wa manoma na fari da na ƙwari. Ya roƙi tsohon ya ba shi wuri ya kafa rumfar langa-langa ya riƙa ajiye durom-durom ɗinsa, tun da a cikin gari maƙwabta sun hana shi saboda wari. Tsohon ya ba shi don kunya. Mutumin ya mutu, 'ya'yansa ba su waiwayi kayan ba, iska ta kwashe rufin, tsatsa ta ci gindin durom, abin da ke ciki ya tsiyaye. Lokacin ban yi aure ba. Yau ga ni da furfura, amma har shekarar da nake ba da labari, in rana ta take da bazara ka bi ta wurin, sai ka ji wani wari kamar an haɗa kananzir da ruɓaɓɓiyar albasa. Kazar da ta yi tono a nan ba ta kwana biyu.

Malamar ta ce a Kasuwar Shanu ta ji labarin wurin, a bakin tsofaffin masu sayar da magani. Ba ta wuce sa'ar ƙanwata ta uku ba, amma Baba ta riƙa ce mini, abin da ya ƙara ɓata mini rai. Hausarta da ɗan nauyin harshe irin na mutanen Fika.

"Baba, so muke mu wanke ƙasar nan."

"Ku wanke me?"

"Ƙasar. Mu cire dafin da ke cikinta."

Na dubi mai unguwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, damina sama da talatin ta sauka a kan wurin nan ba ta wanke shi ba. Ita da wane kogi ta zo?"

Ba ta ji haushi ba, na ba ta wannan. Ta ce in tuna rigar mahauci. In ka jiƙa ta a ruwa kwana bakwai, maiƙon yana nan, don mai da ruwa ba sa shiri. Amma in ka sa sabulu, sai sabulun ya kama maiƙon da hannu ɗaya, ya kama ruwa da ɗayan, su fita tare. Ta ce maganin nan ɗan'uwan mai ne, shi ya sa ya manne wa ƙasa, ruwan sama yake wucewa ya bar shi. Su kuma suna da wani ruwa dangin sabulu, wanda aka yi don wannan aiki. Ta faɗi sunansa da Turanci, ban riƙe ba, ban kuma yi ƙoƙari ba.

"In kun gama, ƙasar ta wa ce?"

"Taka ce mana, Baba."

"Ke kuma me kika samu?"

"Sani. In ya yi a nan, zai yi a wani wurin."

Wannan amsa ce ta fara sa mini shakka. Mutum ya bar ofis mai sanyi, ya zo ya tsaya a rana, don sani kawai? Amma mai unguwa ya ja ni gefe ya ce shi ne shaida, ba takardar da zan sa wa hannu sai ta izinin shiga. Na sa aka karanta mini ita sau biyu, sau ɗaya ɗan limaminmu, sau ɗaya wani malamin firamare da ba ya ga-maciji da mai unguwar. Da duka biyun suka faɗi abu ɗaya, na dangwala.

Suka fara aiki tsakiyar bazara. Ta zo da leburori biyu, magidanta, ɗaya ma kusan sa'ana ne, suna sanye da safar hannu da takunkumi. Su haƙo ƙasar gindin rumfa, su rairaye, su zuba a cikin rabin durom da aka huhhuda gindinsa aka shimfiɗa masa ƙyalle. Sai su kwara ruwan sabulun nan, su juya da itace har kumfa ta taso ta yi tozo. A ƙarƙashi akwai babban baho, ruwan yana ɗiga a ciki, ja-ja, mai duhu kamar shayin da ya daɗe a wuta. In baho ya cika su juye a shuɗin durom na roba, su ɗaure baki, ita kuma ta rubuta lamba a jiki. Duk la'asar a-kori-kura ta zo ta kwashe. Ƙasar da aka wanke kuwa su ɗauraye ta, su shanya a kan leda.

Kafin su fara ta ɗebi ƙasa a gefen rijiya ta ƙulle a 'yan ledoji. Na ce me ya kai ta can, ba can muka yi da ita ba. Ta ce ai wannan ce lafiyayyar, da ita za ta gwada ta san ko wankin ya yi. Na ce to ta ɗiba kaɗan.

Maƙwabcina ta yamma wani Bafulatani ne, dillalin shanu, ya daɗe da barin daji ya gina gida a gari, amma yana da ɗan garke a nan. Ni mahaifina Babarbare ne, don haka tun muna samari ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba. Ya leƙo ta kan shinge ya ga kumfa.

"Kai bawan gidanmu, yau kuma ƙasa ake yi wa wanka? Ai da kai suka fara, ka fi ta buƙata."

"Mai bin wutsiya, koma ka ƙirga ƙudajenka."

"In sun gama a shafa mata mai a sa mata kwalli, mu kai ta gidan miji."

Na yi dariya, amma idona yana kan leda. Da aka tashi cin abinci na je na damƙi ƙasar da suka wanke. Wari ya tafi, gaskiya ne. Amma har ƙanshin ƙasa ya tafi. Ta yi fari kamar yashin rafi, na dunƙule ta na buɗe hannu ta zube, ba ta riƙe kanta ba. Manomi ba sai an gaya masa ba, wannan ba abin da zai tsira a kanta.

Na kai mata a tafin hannu. "Malama, mene ne wannan?"

"Ta fita, Baba."

"Ta fita har da ranta."

Ta ce gaskiyata ce, sabulun ba ya zaɓe sosai, yana tafiya da wani abu na ƙarfin ƙasar tare da dafin. Sai an yi shekara biyu ko uku ana zuba mata taki kafin ta dawo. Yanzu na san gaskiya ta gaya mini, wadda wani zai ɓoye. A ranar kuwa abin da kunnena ya ji shi ne: ta amsa laifinta.

Da na koma gida na tarar da matata tana tatar toka a tsakar gida. Uwata 'yar Karai-Karai ce, har ta koma ga Allah ba ta yarda da kanwar kasuwa ba, kuma ita ta koya wa matata. A ƙona kara, a tara tokar a tsohuwar tukunya mai huji a gindi, a sa ciyawa ta tare, a zuba ruwa, ya riƙa ɗiga a kwano. Ruwan nan ja shi ne abin nema, shi ke gyara miya. Tokar da ta rage a tukunya kuwa bola ake kai ta. Na zauna a kan turmi ina kallon ɗigon nan, ɗis, ɗis, sai na ji kamar an zare mini wani abu daga ido.

Na ce, "Ke, in kin gama, wanne kike ajiyewa, ruwan ko tokar?"

"Wace irin tambaya ce wannan, Malam? Yau ka fara gani?"

"Amsa mini."

"Ruwan mana."

"To haka ake yi mini a lambu. Tukunya mai huji, ƙyalle, ruwa ja yana ɗiga. Su tafi da ruwan, su bar mini tokar."

Ta ɗago ta dube ni. "Ƙasa ai ba toka ba ce."

"Tacewa dai tacewa ce."

"Malamar ba ta ce maka dafi ne ba?"

"In ke ce, za ki ce mini zinariya ce?"

Ta ce in yi a hankali, ta ci gaba da aikinta. Ni kuwa na riga na gama lissafina. Wa yake zuba mai a mota kullum don ya ɗauki shara? Wa yake rubuta wa shara lamba? Duk abin da na sani a duniya, in aka tace, ruwan ake so: toka, tsamiya, kamu, jiƙon magani. Ban taɓa ganin an tace abu don a ajiye tuƙar ba. Na ce a raina, wurin nan shekara talatin ba a noma shi ba, ƙarfinsa yana nan a tare bai taɓu ba, shi suke tatsewa su kai inda za su sayar wa masu manyan gonaki a kwalba.

Washegari na tare ta. Na ce ruwan nan daga ƙasata ya fito, ina son durom ɗaya.

"Ka yi me da shi?"

"Nawa ne. Ko wanka na ga dama in yi."

Fuskarta ta canza. Ta ce ko cokali ba za ta ba ni ba. Ta ce duk dafin da ke warwatse cikin tulin ƙasar can, yanzu yana tattare a ruwan nan, kuma ya fi da haɗari, don da a zaune yake, yanzu sabulu ya yi masa ƙafa, duk inda ruwa ya bi zai bi. Ta ce in na ga ko digo ya zuba in gaya mata. Yadda ta ɗaga murya ya ƙara tabbatar mini. Mutum ba ya zafi haka a kan abin banza.

Ranar Laraba kasuwar shanu take ci. Tireloli suka toshe hanya, direban a-kori-kura ya aiko cewa ba zai samu fitowa ba sai gobe. Malamar ta tafi Damagum duba wani wuri tun da safe. Leburorin suka yi aiki zuwa hantsi, suka jera durom huɗu a inuwar darbejiya, suka ce za su leƙa kasuwa. Suka bar mini amana, har babban yana cewa, "Yaya, a sa mana ido, kar awaki su zo."

Rana tsaka na kwance bakin durom na farko. Ban kwashe duka ba, ban yi wauta irin wannan ba. Na ɗebi bokiti uku a kowanne, na jawo ruwan rijiya na cike gurbin, na mayar da murfi yadda yake. Ina da fangali bakwai a gefen rijiya, huɗu alayyahu da ya fara tasawa, uku tattasai. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na shayar da su, har ina bismilla.

Ina kan na biyar Bafulatanin ya dawo daga kasuwa ɗaukar wani bijimi. Ya tsaya, ya shaƙi iska.

"Babarbare, me kake zubawa?"

"Abin da ba a sayarwa a rugga."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Wallahi warin nan na san shi. Da shi baffana yake wanke shanu, hannunsa har ya mutu yana rawa. Bar abin nan."

"Sun saye ka kai ma?"

"Wa zai saye ni in tsaya ina kallon mahaukaci? Ni dai kar ruwan nan ya gangaro wajen shanuna." Ya ja bijiminsa ya tafi. Bai gaya wa kowa ba, ni ma na san ba zai gaya ba.

Kwana uku na farko na yi ta jin daɗina. Ɗan ƙwaron da ke huda ganyen alayyahu ya ɓace. Darɓar da ta addabi tattasai ta kakkaɓe. Ganye ya yi sumul, ba huji ko ɗaya, ban taɓa ganin irinsa a lambun ba. Ina wucewa ta gaban malamar ina gaishe ta da fara'a, har ta ce, "Baba, yau an tashi da hannun dama." A raina ina cewa, yarinya, kafin a haife ki nake cin tuwo.

Rana ta huɗu na zo ban ruwa da sassafe na ga tana a saman fangali, sun fito sun miƙe sun bushe. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Akwai wasu kwaɗi da suke zama a danshin bakin rijiya tun zamanin tsohon, na samu biyu a kife. Na tona rami da fartanya na binne su kafin leburori su iso. Na ce wa kaina ƙarfin abin ne ya yi yawa, kamar takin zamani in an cika hannu. Sai na ƙara yawan ban ruwa don ya sirka.

Da alayyahun ya isa yanka na yanko dami ɗaya na kai gida, da niyyar jibi in kai sauran kasuwa. Matata ta wanke, ta sa a ruwan zafi, sai ta sauke tukunyar ta fito da ita waje.

"Malam, zo ka shinshina."

"Me ya yi?"

"Warin gindin rumfa yake." Ta kafe ni da ido. "Me ka yi?"

Na ce hancinta ne. Ta ce to hancinta ba zai ba 'ya'yanta wannan ba, ta haƙa rami a bayan ɗaki ta juye. Muka ci tuwo da miyar kuka. Ban kai sauran kasuwa ba. Ban kuma gaya wa kowa dalili ba, na bar shi a fangali yana tsufa.

A makon ne malamar ta sake ɗibar ƙasa a ko'ina, har da gefen rijiya, kamar yadda ta yi da farko. Ina tsaye ina kallo ta soka ƙarfenta a fangali na uku. Na koma kan ban ruwana.

Bayan kwana goma sha ta dawo, ba ta ko tsaya gaisuwa ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas a kwanakin, ana ta cewa ruwan farko ya kusa. Ta kira leburorin, ta kira ni, ta buɗe takarda a kan durom. Ta ce gindin rumfa ya yi kyau fiye da yadda ta zata. Amma gefen rijiya, wanda da ba komai a cikinsa, yanzu akwai dafi, mai yawa. Ta ce kuma ruwan durom huɗu na ranar Laraba ya fito da rauni, kamar an sirka shi.

Ta juya kan leburorin. "Ranar da ba na nan, me ya faru?"

Babban ya ce, "Hajiya, ba abin da ya faru."

"Durom ya faɗi kun ɓoye? Kun cika da ruwa don kar in gane?"

"Wallahi tallahi, Hajiya, in mun zubar Allah ya..."

"Kar ka rantse mini. Mutumin nan ya ba mu amanar abincinsa." Sai ta juyo gare ni, idonta ya kawo ruwa. "Baba, ka yafe mini. Ni na kawo wannan abu gonarka. Laifina ne da na tafi na bar su."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Babban leburan yana kallona, don ya tuna wa ya bar wa amana. Bai tona ni ba. Ya cire takunkuminsa ya riƙe a hannu kawai.

Ta ce yanzu ba lokacin neman mai laifi ba ne. Abin da take buƙata shi ne ta san daidai inda ya zuba da yawansa. In ta sani, za a haƙe wurin kafin ruwan sama. In ba ta sani ba, sai ta bi lambun taki-taki tana gwaji, wannan kuwa wata guda ne, kuma ruwan farko zai riga ta, ya tura abin ƙasa ya kai shi rijiya. In ya shiga rijiya, ta ce, ba ta da sabulun da zai wanke ta. Lambun ya tashi ke nan, duka.

"Baba, kana ban ruwa a wurin?"

"Safe da yamma."

Ta dafe kai.

Na dubi rijiyar. Ni da tsohon muka yashe ta sau huɗu, shi a ciki ni ina jan guga, daga baya ni a ciki shi yana ja. Na ce, "Bokiti goma sha biyu ne. Fangali bakwai ɗin can, daga na bakin zogale zuwa na ƙarshe. Ba su ba ne. Ni na zuba."

Malamar ta juyo gare ni.

"Ka zuba? Da hannunka?"

"Da hannuna."

"Don me, Baba? Ban gaya maka ba?"

"Kin gaya mini."

"To don me?"

Na ce mata a gidanmu in aka tace abu ruwan ake ajiyewa. Na ce na ga tana rubuta masa lamba tana aiko masa mota, ta bar mini farin yashi. Ban faɗa don ta tausaya mini ba, tambayata ta yi. Ta kau da kai daga gare ni. Sai ta ce da leburorin su yi haƙuri, ta faɗa sau biyu. Babban ya ce ba komai, ya mayar da takunkuminsa, ya ɗauki shebur. Da ya zo wucewa ta kusa da ni ya ce a hankali, "Yaya, ai da awakin ka bari." Shi ke nan abin da ya taɓa ce mini a kan maganar.

A ranar aka fara. Aka tumɓuke alayyahu da tattasai aka cusa a buhu, ta rubuta musu lamba su ma. Aka haƙe fangali bakwai har zurfin gwiwa, wani wurin har cinya, saboda ban ruwan da na yi ta yi ya tura abin ƙasa. Na karɓi safar hannu na shiga cikinsu, ba wanda ya ce in shiga, ba wanda ya ce in fita. Bafulatanin ya aro mana amalanke, ya tsaya a bakin shinge, ranar bai kira ni bawa ba. Kwana biyar muna yi. Baƙar ƙasar nan da tsohon ya tara da kwandon kashin shanu a ka, ni na riƙa ɗora ta a shebur ina zubawa a durom mai huji, ina kallo ana kwara mata sabulu, tana fitowa fara. Ruwan farko ya sauka kwana biyu bayan mun rufe tulin da leda.

Ranar da za su tafi ta ce damina biyu kar in shuka abin ganye, in shuka wake in nome shi a cikin ƙasar, in yi ta zuba taki. Na ce na ji. Sannan na ce ina da tambaya.

"Ruwan nan, ina kuke kai shi?"

Ta ce ana bi da shi ta cikin wani irin gawayi da yake kama dafin, gawayin kuma a ƙone shi a wata wuta mai tsanani, a can nesa.

"Kin gani da idonki?"

Ta ce, "Gawayin na gani. Wutar ban gani ba."

"To."

"Baba, har yanzu?"

Na ce ba ita nake zargi ba. Amma abin da ya shekara talatin a gonata bai mutu ba, ina so in san gonar wa ya koma. Ta ce dai za ta bincika. Ta shiga mota. Ban sake ganinta ba, sai saƙo da ta aiko ta hannun mai unguwa bayan damina, cewa ta gwada ruwan rijiyar da aka kai mata, lafiya lau yake.

Shekara huɗu ke nan. Kullum da safe ina biyawa ta garken Bafulatanin in cika buhu biyu da kashin shanu, yana cewa a ƙarshe dai Babarbare ya dawo aikin gadonsa. Ƙasar ta tashi daga fari ta koma kalar kunun kanwa, gefen rijiya da gindin rumfa yanzu ba ka bambance su. Lambun ya ninka girma, amfaninsa bai kai na rabin da ba. Bana na gwada albasa, kawunan ba su wuce ƙwan zabo ba. Tsohon ya yi shekara arba'in kafin ta yi baƙi, ni kuwa na haura hamsin, gwiwata ta fara ƙara.

Rijiyar ina ban ruwa da ita, shanun maƙwabcina ma suna sha, ba abin da ya same su. Amma ruwan da zan kai bakina, daga gida nake ɗauro shi a bayan keke.